Sojan gona a cibiyar jarrabawa: a teburin rajista ake tare shi

Mu masu cibiyoyin jarrabawar kwamfuta a Birnin Kebbi mun san cewa mai sojan gona ba ranar jarrabawa yake fara aikinsa ba. Tun ranar rajista yake shigowa.

Daga 2021 JAMB, hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, ta wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, ɗalibi ya tura ta a saƙon waya zuwa 55019 ko 66019 a ba shi lambar da zai yi rajista da ita. Wannan ya rage masu suna biyu, amma bai hana haɗa yatsu ba. Ana ɗaukar zanen yatsu goma. Idan ma'aikaci ya kau da ido, ko an toshe masa baki, sai ɗalibi ya ɗora takwas, ɗan hayarsa ya ɗora biyu. Ranar jarrabawa na'ura za ta karɓi ɗan hayar, domin ita yatsa ta sani, ba ta san fuska ba. Shi ya sa mutum ɗaya tak ke tsayawa a teburin ɗaukar yatsa, ba yayan ɗalibi, ba malami, ba ɗan rakiya, kyamara kuma tana kallon hannun daga sama. Hoto a nan take ake ɗauka, ba a karɓar wanda aka zo da shi a waya.

Wahalar ita ce mai gaskiya ma yatsansa na ƙi. Rajista kan faɗo cikin hunturu, fata ta bushe ta tsage, ga yaran da ke aikin shinkafa a fadamar Argungu, zanen yatsunsu ya goge. A wanke hannu, a ɗan jiƙa yatsa, a goge gilashin na'urar. Man shafawa kuwa idan ya yi yawa ƙara ɓata lamarin yake. 'Yan mata a gaya masu tun da wuri su dakata da lalle.

Ranar jarrabawa, layi ɗaya, ƙofa ɗaya: takarda, fuska, yatsa, sannan kujera. Mai niƙabi ma'aikaciya mace ce ke duba ta a keɓe. Wanda ya fita bayan gida a raka shi, a sake duba fuskarsa, don a nan ake musanya.

Wanda na'ura ta ƙi, ko da kuka yake, ko ɗan wane ne, ba a shigar da shi da "Alhaji, a taimaka". A rubuta sunansa a miƙa wa jami'in hukumar. Dokar 1999 kan maguɗin jarrabawa ta tanadi ɗauri, kuma kan yaro ɗaya ana iya soke rajistar cibiya mai kwamfuta 250.