Abin da nazarin bautar Rumawan dā ya koya mini

Da aka ba ni aikin rubutu a kan addinin Rumawan dā a darasin tarihi, na cika shafuka da sunayen allolinsu: Jufita da Juno da Minaba waɗanda aka gina wa babban ɗakin bauta a kan tudun Kafitol da ke birnin Rum, da Mas na yaƙi, da Janus mai fuska biyu, wanda sunansa ya rage mana a watan Janairu. Malamina ya maido mini da takardar, ya rubuta tambaya ɗaya a gefe da jan biro, wato me mutanen suke aikatawa idan sun zo bauta. A nan na gane cewa na auna su da ma'aunin da na tashi da shi, inda ake fara tambayar abin da ke cikin zuciya.

A wurin Rumawa, nauyin addini yana kan cika aiki daidai. Idan mai jagorantar yanka ya yi tuntuɓen harshe a kalma ɗaya ta addu'a, sai a sake daga farko. 'Yan mata shida ke tsaron wutar Besta, allahiyar murhu, kowace na hidimar shekara 30 ba aure, kuma mutuwar wutar alama ce ta musiba ga birni baki ɗaya. Kafin yaƙi ma akan watsa wa kaji tsaba a duba yadda suke ci, har ana ba da labarin wani shugaban mayaƙan ruwa da ya jefa kajin cikin teku saboda sun ƙi ci, a shekara ta 249 kafin haihuwar Annabi Isa, sannan ya yi asarar mafi yawan jiragensa a yaƙin Direfana, a gaɓar tsibirin Sisili.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wasu guntayen takardu da aka tono a Masar, na shekara ta 250 miladiyya, lokacin da Sarkin Rumawa Desiyus ya umarci kowa ya yi yanka ga alloli. Kowace takarda tana ɗauke da sunan mutum, da furucinsa cewa ya yi yanka, ya kwarara abin sha, ya ɗanɗani naman, sai sa hannun jami'an da suka shaida. Ba wanda ya tambaye shi abin da ya gaskata. Da na karanta su na fahimci dalilin da ya sa hukuma ta ɗauki ƙin da Kiristoci suka yi na yin yanka ga alloli a matsayin cin amanar ƙasa, domin a ganinta zaman lafiya da alloli lamari ne na jama'a duka, wanda mutum ɗaya zai iya ɓatawa. Na sake rubuta aikin daga farko, na buɗe shi da waɗannan takardun.