Ashe laifin bango ne, ba inji ba

Sati biyu injin busar da kaya na shagon wankina a Tarauni yana wahalar da ni. Gangar tana juyawa, amma kaya su fito da danshi, can kuma ya mutu. Ga damina, ga shaddojin mutane jibge ana jiran Juma'a. Har na fara tambayar kuɗin sabuwar hita, wato abin da ke ba injin zafi, a Sabon Gari.

Wani dattijo mai gyaran wuta da muke sallah tare ya ce, "Ɗana, ƙyale injin nan tukuna, mu duba bango." Ya kashe wuta daga babban makunni, ya gwada da testa, sannan ya kwance soket. Ƙaurin roba ne ya fara tarbar mu. Sukurun da ke riƙe da jar waya ya saki, ya yi baƙi ƙirin, robar ta narke ta manne da shi. Ya ce duk inda waya ta yi sako-sako nan zafi ke taruwa.

Abin da ya fi ba ni haushi, wanda ya ja mini wayar tun farko 'yar siririya ya sa, mai 1.5, ta ƙwan fitila! Injin da ke cin wat 2,500, wajen amfiya 11 ke nan. Wayar ƙasa ma, mai kare mutum daga jan wuta, ba a haɗa ba, shi ya sa yaron shago ke cewa injin yana ɗan jan sa, ni kuwa ina cewa raki ne.

Baba ya ja sabuwa mai 2.5 da makunninta daban. Hita lafiyarta ƙalau. Na dai ba yaron haƙuri.