Kowane allo da yarensa

Mu biyar ne a kamfanin, a wani shago a Kaduna. Akwatuna muke haɗawa masu sa ido kan sola, su karanta cajin batir da aikin inbata su turo wa mai su ta waya. A cikin kowane akwati akwai 'yar kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba, allo guda ne, tana aiki da Linux.

Da Raspberry Pi muka fara. A 2021 ya yi ɓatan dabo a kasuwa saboda ƙarancin kayan haɗa na'urori da ya game duniya, wanda ka dace da shi kuma kuɗinsa ya cinye ribarka. Muka koma sayen abin da ya samu: Orange Pi, BeagleBone Black, da wasu alluna masu ƙwaƙwalwar Rockchip. Manhajarmu ba ta ba mu wahala ba. Tayar da allon shi ne ya hana mu barci.

Kwamfutar tebur ka sa mata faifai ta tashi. Waɗannan kuwa kowanne da inda yake neman umarninsa. Pi na karanta config.txt da cmdline.txt. BeagleBone na son uEnv.txt. Armbian, nau'in Linux da ake ɗora wa irin su Orange Pi, na da armbianEnv.txt da boot.scr. Abu ɗaya dai ake faɗa musu duka: ga zuciyar Linux, ga fayil ɗin dtb mai taswirar kayan da ke jikin allon, ga ɓangaren katin memori da za a hau. Amma sai ka faɗa da yare uku. Har robar magani na ware wa katuna, kowanne da tef an rubuta sunan allonsa.

Wata rana na tura yarona wani ƙauye bayan Zariya ya gyara layi ɗaya. Ya buɗe boot.scr ya gyara kamar wasiƙa, ya kunna, shiru. Ya kira ni bayan magariba.

"Oga, wallahi kalma ɗaya na canja."

Ban ga laifinsa ba. Fayil ɗin yana da hatimi a kansa da ke tantance abin da ke ciki, ka taɓa harafi U-Boot, manhajar da ke tayar da allon, ya ƙi shi. Boot.cmd ake gyarawa, sannan a sake ɗaure shi da mkimage. Ni ma a wahale na koya. Washegari na hau mota da wayar siriyal, wadda ake jona allo da kwamfuta, a aljihu, aikin minti biyu ya ci mini yini da kuɗin mai.

Ashe tun 2014 an yi maganin abin. Dennis Gilmore na Fedora, wani nau'in Linux, da wasu masu aikin U-Boot sun tsara hanya guda: allo ya bi katin memori da USB ɗaya bayan ɗaya yana neman extlinux.conf, salon da aka aro daga Syslinux. Rubutu ne zalla, ba hatimi ba ɗauri. Layin zuciyar Linux, layin taswira, layin umarni, shi ke nan. Za ka iya ma ajiye tsohuwar zuciya a matsayin zaɓi na biyu, in sabuwar ta ƙi ka koma mata. A Debian, shi ma nau'in Linux, u-boot-menu ne ke sake rubuta fayil ɗin da kansa duk lokacin da aka sabunta. Wata biyu muka yi muna mayar da allunanmu kan wannan hanya, har Pi muka ɗora wa U-Boot don ya bi sahu.

Daga baya U-Boot ya koyi UEFI, hanyar tashin kwamfutar tebur, a 2016, kamfanin Arm ya fitar da EBBR, ƙa'idar tayar da irin waɗannan alluna, a 2019. Manyan nau'o'in Linux can suka nufa. Mu dai muna nan tukuna, don fayil ɗin da yaro zai karanta ya gane ya fi mini.

Ba wai komai ya daidaita ba. Shi kansa U-Boot kowane allo da inda yake son a ajiye shi a kati: mai ƙwaƙwalwar Allwinner a kilobayit na 8, Rockchip a na 32. Wasu masu ƙera alluna kuma har yanzu tsohon U-Boot da suka yi wa kwaskwarima suke turowa, wanda bai san extlinux ba. Makon jiya wani dillali ya kawo mini sabon allo mai araha ƙwarai. Na duba ko ainihin U-Boot ya san da shi, ban gan shi ba, na mayar masa da kayansa a kwalinsa.