Injin Ferrari a tafin hannun Baba

Yau da la'asar na gama haɗa injin ƴar Ferrari F40 ɗina, ta roba, wadda kamfanin Tamiya na Japan ya yi. Kowane abu nata an rage shi sau 24, shi ya sa motar da ta haura mita huɗu ta dawo kamar santimita 18. Ina zaune a zaure ina liƙa bututun hayaƙi da hantsaki sai maƙwabcinmu ya shigo, dattijon bakanike da ya tsufa a ƙarƙashin motocin Maraɗi. Ya ce, "Ɗana, miƙo in gani." Ya gyara tabarau, ya ɗora injin a tafin hannunsa mai kanta, ya ƙirga silinda takwas. Sai ya bi bututun da farce har ya kai ga turbo biyun da ke cusa wa injin iska, ya nuna mini inda iska mai zafi ke bi ta huce kafin ta shiga inji. Ko takardar haɗawar bai kalla ba! Na ce, "Baba, a 1987 aka fito da ita, ita ce ta ƙarshe da Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin Ferrari, ya amince da ita kafin mutuwarsa a 1988." Ya gyaɗa kai kawai, hankalinsa na kan yadda aka zaunar da injin bayan kujerar direba.

Wallahi abin ya taɓa min zuciya. Da ilimin nan nasa, ya cancanci a buɗe masa ta gasken ya sa hannu a ciki.