"Malam, ai wasa ne"

Karon farko da na raba wa ɗalibaina takardar tambayoyi kan cin zali, tambayar da ke sama ita ce: "An taɓa cin zalinka a makaranta?" Kusan kowa ya zaɓi a'a, har da wani yaro da na san ana binsa da mummunan laƙabi tun daga aji har filin wasa. Da na keɓe shi na tambaye shi, sai ya ce, "Malam, ai wasa ne." Dama wane matashi ne zai rubuta da hannunsa cewa an fi ƙarfinsa?

Daga baya na karanta aikin Dan Olweus, masanin halayyar ɗan Adam da ya fara nazarin wannan lamari tun shekarun 1970. A wurinsa abu uku ke raba cin zali da faɗa: da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma wanda ake yi wa ba ya iya kare kansa. Takardarsa tana tambaya ne kan watanni biyun da suka wuce, kuma ma'aunin da aka saba ɗauka kafin a ce ana cin zalin ɗalibi shi ne sau biyu ko uku a wata zuwa sama. Ni kuwa "taɓa" na rubuta, kalmar da ta haɗa jiya da shekaru biyar baya.

Karo na biyu na cire kalmar cin zali gaba ɗaya, na tambayi abin da ake aikatawa. An ƙwace maka abu? An ƙi zama kusa da kai da gangan? An yaɗa ƙarya a kanka? An tura hotonka a waya don a yi dariya? Sau nawa, kuma a ina? Na rarraba kujeru, domin a karon farko akwai wanda ya cika takarda mai zaluntarsa yana leƙa masa ta kafaɗa. Amsoshi suka canza ƙwarai. Sai dai wannan salo yana kwaso har tsokanar abokai, don haka na ƙara tambaya ɗaya: in ka ce a daina, ana dainawa?

Na so in kwatanta sakamakona da rahoton UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2019, wanda ya ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya an ci zalinsa aƙalla sau ɗaya a watan da ya wuce. Na fasa, don ma'aunin ba ɗaya ba ne.

Abin da ya hana ni barci wata takarda ce da aka rubuta a ƙasanta, "Ba na son zuwa makaranta kuma." Na yi musu alkawarin ba suna, ga shi ba ni da hanyar gano mai ita. Yanzu kowane ɗalibi na ba shi ƙaramar takarda daban, kowa ya ninke ya jefa a akwati, ko ya rubuta sunansa ko ya bar ta fara, don kada a gane wanda ya nemi mu yi magana.