Talata, saura sati biyar mu tashi

Ƙarfe 5 na asuba aka kaɗa ƙararrawa kamar kullum, sanyin Jos ɗin nan kuwa yau ya wuce na jiya, ruwan bokiti sai ka ce daga firiji aka ɗebo shi. Na sa suwaita biyu na ɗaura zani a kai na fita addu'ar safe. Mu tara ne a wannan rukunin na masu shirin tafiya aikin mishan, mata huɗu maza biyar, uku daga cikinmu Chadi za mu. Yau Romawa 10 muka karanta, wurin da ake tambaya yaya za su yi wa'azi in ba a aike su ba. Na sha jin ayar nan tun ina sande sukul amma kullum hankalina a kan mai tafiyar yake, ban taɓa tsayawa na yi tunanin masu aikewar ba sai yau da yamma, zan zo kan wannan.

Bayan koko da ƙosai muka tafi allurar rigakafin shawara, don ba a shiga Chadi sai da katin nan mai ruwan ɗorawa. Layi ne har waje, mun kai awa uku a tsaye, ga ƙura. Nas ɗin ta ce mana sau ɗaya ake yinta ta isa har ƙarshen rai, mu dai kula da katin kar ya ɓata. Na sa nawa cikin leda tare da fasfo na cusa a ƙasan akwati.

Ajin Faransanci da rana ne ya ɗan karya mini gwiwa. Ƙidaya muke yi, kuma su tamanin ɗinsu ashirin sau huɗu ne, casa'in da bakwai kuwa sai ka ce ashirin sau huɗu da goma sha bakwai, kafin in gama lissafi a kaina malam ya wuce lamba ta gaba. Sannan ya ƙara mana da cewa a kasuwar Njamena ma Larabcin Chadi za mu fi ji, mai kama da na Shuwa Arab ɗinmu na Borno, kuma kuɗi da riyal suke ƙirgawa, riyal ɗaya sefa 5 ke nan kamar yadda mutanen Nijar ke cewa dala. Wato in mai tumatir ta ce ishirin, sefa 100 take nufi. Na rubuta almi, ruwa, a bayan hannuna da biro don ya ce ita ce kalmar da za mu fara nema, a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40 a can. Ni da na gama makarantar koyon aikin jinya ina ganin na san wani abu, yanzu zan koma kamar yarinya mai koyon magana, sai na roƙa a maimaita mini. Abin yana damuna gaskiya, amma na fi so in je in zauna a tabarmar mutane ina koyon harshensu da in je ina yi musu magana ta bakin tafinta.

A ajin tarihi aka ba mu labarin samari ukun nan 'yan mishan da suka sauka Legas a Disamban 1893, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Shekara ba ta zagayo da kyau ba Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, Bingham kaɗai ya koma gida. Abin da ban sani ba sai yau shi ne wai mahaifiyar Gowans ce a Toronto ta zaunar da Bingham ta yi masa maganar ƙasar nan har ya yarda ya bi ɗanta. Uwa ce fa, da cikinta ta haife shi. Na kasa ci gaba da rubutu, Mama kawai nake gani.

Da yamma na kira ta. Tun da na faɗa mata zancen tafiyar nan tambayarta ɗaya ce, wai aikin Ubangiji ya ƙare ne a Najeriya da sai na ƙetare iyaka, kuma ban taɓa samun amsar da ta gamsar da ita ba. Yau ba ta yi tambayar ba. Cewa ta yi, 'yata kin ci abinci? Na ce na ci Mama. Sai ta ce ran Lahadi bayan sujada zumuntar mata sun zauna a kaina, sun yanke kowane wata za su riƙa haɗa abin da ya samu su turo, wata ta kawo mudun masara biyu a sayar, wata gyaɗa. Akwai wata kaka a ikilisiyarmu da ke sayar da daddawa a bakin kasuwa, idonta ma ba ya gani sosai yanzu, Mama ta ce ta kwance bakin zaninta a gaban kowa ta ciro naira 500 duk ta dunƙule ta yi laushi, ta miƙa ta ce a sa sunanta a littafin, duk wata za ta kawo. Na san tsohuwar nan, na san ƙwallo nawa za ta sayar kafin ta ga ribar 500.

Na yi shiru a waya har Mama ta ɗauka netwok ne ya yanke. Sai ta ce ita ma ta sayar da akuyar nan mai jan wuya, kuɗin na hannun Yaya zai turo mini gobe in cika na gidan sauro da magungunan zazzaɓi, kuma tana daka mini yaji da kuka, in faɗa mata ko za a bari in wuce da su a boda. Ban ce mata ta sayar ba, ban ma san tana da niyya ba.

Sati uku ke nan ina jin nauyin rubuta wasiƙar neman tallafi, ina ganin kamar bara ce. Da na dawo ɗaki na zauna na rubuta ta gaba ɗaya da Hausa, don ita za a karanta wa matan nan, na gaya musu sunan garin da aikin da zan yi a ƙaramin asibitin da abin da za su riƙa yi mini addu'a a kai. Abokiyar ɗakina ta riƙe mini tocila saboda an ɗauke wuta tun ƙarfe 8.

Hannun da aka yi allurar ya fara tsami, a gefen dama zan kwanta. Gobe ni ce da girkin safe, sai na tashi ƙarfe 4 in hura gawayi, kuma ina so in tambayi malam zancen yajin Mama.