Wasiƙa Daga Amurka: Tsakanin Takardar Shaida da Ƙofar Kwaleji

Assalamu alaikum 'yan uwa masu karatu,

Ina gaishe ku daga Amurka, da fatan kuna lafiya. Yaya iyali, yaya ƙoƙari? Yau ina so in ba ku labarin aikin sa kai da nake yi da yamma a wata cibiyar ilimin manya, domin akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da ɗalibanmu.

Akasarinsu magidanta ne da matan aure: direbobin tasi, masu jinyar tsofaffi, masu aikin dare a rumbunan kaya. Wasu haifaffun nan ne da suka bar makaranta tun suna samari, wasu baƙi ne daga Meziko, Haiti, Somaliya da Afirka ta Yamma. Burinsu shi ne su ci jarrabawar GED, wadda ke tsayawa a madadin takardar gama sakandare. An ƙirƙiro ta a 1942 saboda sojojin da Yaƙin Duniya na Biyu ya raba da karatu. Darussa huɗu ne: lissafi, Turanci, kimiyya da nazarin zamantakewa, kuma idan mutum ya samu maki 145 a kowane darasi ya ci. Amma masu shirya jarrabawar da kansu sun ce sai an kai 165 kafin a ɗauka ɗalibi ya shirya wa karatun kwaleji. Wannan tazarar ta maki ashirin ita ce ba a cika gaya wa ɗalibai ba, kuma a ganina ɓoye ta rashin adalci ne.

Ga yadda abin yake faruwa. Mutum ya karɓi takardarsa, an yi murna, ya nufi kwalejin al'umma ta shekara biyu, wadda ƙofarta a buɗe take ga kusan kowa. A kwalejoji da dama sai a zaunar da shi gaban kwamfuta ya yi gwajin tantance mataki, irin su Accuplacer. Bai san da zuwan gwajin ba, bai yi bita ba, sai aljebra ta kayar da shi. Daga nan a tura shi azuzuwan share fage, waɗanda ake biya wa kuɗi kamar sauran darussa, amma ba a lissafa su cikin abin da ake buƙata don samun digiri. Magidanci mai shekara arba'in, mai 'ya'ya da kuɗin haya a wuyansa, zai iya shafe zango biyu ko uku yana zuwa makaranta alhali bai taka matakin farko ba. Da yawa a nan jikinsu yake yin sanyi.

Wasu jihohi sun farga. A jihar Washington akwai shirin I-BEST, inda malamai biyu ke shiga aji ɗaya: ɗaya yana koyar da sana'a kamar jinya ko walda, ɗaya yana ƙarfafa lissafi da karatun da sana'ar ke buƙata. Kalifoniya kuwa ta yi doka a 2017 da ta rage tura ɗalibai azuzuwan share fage. Duk da haka, ni dai na fi yarda da shirin da ake farawa tun ɗalibi yana hannunmu, kafin ya ci jarrabawar GED.

Shi ya sa muke zama da su mu cike fam ɗin neman tallafin gwamnatin tarayya, FAFSA, layi bayan layi. Kyauta ake cike shi, kuma ta nan ake samun tallafin Pell, wanda ba bashi ba ne. Mafi yawansa ya kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025. 'Yan ƙasa da masu katin zama na dindindin sun cancanci nema. Sai dai tallafin Pell yana da iyaka, kimanin zango goma sha biyu a duk rayuwar mutum, saboda haka duk zangon da ya tafi a banza ya tafi ke nan.

Sai batun lokaci. Cikakken ɗalibi yana ɗaukar aƙalla awa goma sha biyu na aji a mako, kuma malamai kan ce kowace awa tana son awa biyu ta nazari a gida. Nakan sa kowa ya zana makonsa a takarda, da aiki da kai yara makaranta da barci, ya ga inda awa talatin da shida za su shiga. Yawanci ba sa shiga. Sai in ce ya fara da darasi biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kunya, musamman ga mutanenmu da aka yi wa tarbiyya kan girmama malami. A ajinmu, idan ba ka zo ba, za mu buga maka waya. A kwaleji babu mai neman ka. Malami zai ba ka jadawalin zango gaba ɗaya a ranar farko, da ranakun miƙa aiki, sannan ya ware sa'o'in da yake zaune a ofis yana jiran masu tambaya. Dattijuwa za ta ga zuwa wurinsa kamar takura masa ne, alhali aikinsa ke nan. Mukan gwada a aji: wani ya zama malami, wani ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce bai gane ba. Muna kuma jaddada musu cewa idan rashin lafiya ko canjin aiki ya tilasta barin darasi, a je a janye a rubuce kafin wa'adi ya cika. Wanda ya daina zuwa shiru, faɗuwa za a rubuta masa, tallafinsa na iya tsayawa, har ma a nemi ya mayar da wani ɓangare na kuɗin.

Masu 'yan uwa a nan da ke shirin komawa makaranta, don Allah ku isar musu: kafin su yi rajista, su tambayi kwalejin ko tana yin gwajin tantancewa, su nemi samfurin tambayoyinsa su yi bita, kuma su tambaya ko akwai wurin renon yara a harabar.

Ku huta lafiya, sai wata wasiƙar in Allah ya yarda.

Ɗan uwanku a Amurka